Atamfar Jana'izar Nana

A layinmu na Zongo, nan Kumasi, in dai aure ya taso ko suna, ni ake kira in zaɓi yayi. Yayi shi ne zanen da mai biki kan fitar, kowa ya saya ya ɗinka a fito iri ɗaya ranar taro. 'Yan'uwanmu na Najeriya anko suke ce masa. Ba sana'ata ba ce, ni koko da ƙosai nake sayarwa da safe a bakin titi, amma Allah ya ba ni ido a kan zane. Daga nesa ina gane atamfar da za ta zuba a wankin farko, da leshin da zai dafa mace a zafin watan Maris har ta koma gida da ƙuraje a wuya. Mata sun sha yabona a kan haka har kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san cewa kuskuren da zan ba da labarinsa ba na wadda ba ta san zane ba ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, asalinta ba 'yar Zongo ba ce. 'Yar Asante ce, mutanen da mu nan muke kira Tonawa, daga wani ƙauye a kan hanyar Mampong. Babanmu, Allah ya jiƙansa, sayen goro ya kai shi garinsu ya gan ta. Ta musulunta, suka yi aure, ta biyo shi Zongo, ta koyi Hausa har ta fi mu iya baƙar magana da ita. Danginta ba su kore ta ba, ba su kuma yafe mata duka ba. Uwarta, kakata da muke kira Nana, takan aiko mana da agada da gwaza, ita kuma Mma takan je gaishe ta sau biyu ko uku a shekara, ta wuni ta dawo. Amma yayarta, wadda nake kira Maame Panin, wato babbar uwa, shekara da shekaru gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma gajera.

Nana ta rasu a farkon Disamba, ta haura shekara casa'in. Mu a Zongo, mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kowa da kayan da ke jikinsa. Su Tonawa ba haka suke yi ba. Gawa asibiti ake kai ta a ajiye a firij, dangi su zauna su sa rana, a jira na nesa su iso, a gyara gida, a fitar da zanen da za a sa. Ta Nana aka sa wata Asabar a tsakiyar Maris. Tun da ta tsufa sosai kafin ta tafi, ba ja da baƙi za a sa ba, fari ne mai zanen baƙi. Wannan kam na sani, duk wanda ya tashi a Kumasi ya sani.

Da aka yi zaman mako guda da rasuwar, Mma ta je ita kaɗai, don ni ina fama da zazzaɓi. Ta dawo kafin magariba. Na tambaye ta yaya aka yi, ta ce lafiya lau. Sai da na matsa ta ce bayan baƙi sun watse, 'yan'uwanta sun shiga ɗakin Nana don shawara, ita kuma ta zauna a tsakar gida tana jiran a kira ta. Ba wanda ya leƙo. Da ta gaji ta ɗauki jakarta ta nemi mota.

Daga nan aka shiga jiran zane. Mma ba ta taɓa cewa jira take ba, amma gidan kowa ya sani. Wayarta, wadda da sai mu wuni muna neman inda ta jefar da ita, ta koma ƙullin zaninta. In aka yi sallama a zaure ita ke fara amsawa, ta miƙe tsaye, sai ta ga mai tallan gawayi ce ta koma ta zauna. Janairu ya wuce. Fabrairu ya shigo da zafinsa. Ta rage cin abinci, ta ce zafi ne ya hana ta. Wata rana ina soya ƙosai na ji maƙwabciyarmu tana tambayarta wane irin zane danginta suka fitar, sai Mma ta ce, “Suna hanya,” ta canza magana.

Abin da take tsoro, ni ma shi nake tsoro. A taron Tonawa zane ke nuna kowa. In ta je da farin leshinta na Zongo, za a ba ta kujera cikin baƙi, a kawo mata ruwan leda, a gode mata da ta zo jana'izar uwar da ta haife ta. Mma ta kai shekara sittin da 'yan kai, tana da hawan jini, kuma mace ce da ba ta roƙo. Na ce mata in buga wa Maame Panin waya in tambaya. Ta ce in na kuskura, kada in sake ce mata Mma.

Ni kuwa ban iya zama in zuba ido ba, halina ke nan tun ina ƙarama. Kuma a ganina abin ba shi da wuya. A Zongo yayi ba a jiran a aiko maka. Ƙyalle kake samu wurin wadda ta riga ka, ka je kasuwa ka sayi naka, ka ɗinka, ka bayyana ranar biki, mai biki ta rungume ka ta ce ka fita kunyarta. Sau nawa na yi haka, sau nawa aka yi mini? Na ce a raina ai zane zane ne, ko na Tonawa ko na Hausawa.

Ƙanen Mma, wanda muke kira Wofa, wato kawu, matarsa tana da rumfar kayan miya a kasuwar Oforikrom. Wata Talata da na tashi daga sayar da koko, na shiga trotro, motar hayarmu ta nan, na je wurinta kamar tumatir nake nema. Muka gaisa da Tonancina na kasuwa, wanda ya isa ciniki da faɗa amma bai isa zaman dangi ba. Ina cikin zaɓen albasa idona ya faɗa kan wata leda a bayan kujerarta, bakin atamfa ya leƙo, fara mai zanen baƙaƙen tsuntsaye suna tashi.

Na ce, “Anti, wannan shi ne na jana'izar Nana?”

Ta ce, “Shi ne. Yanzu na karɓo daga wurin tela.”

Na ce, “Kai, ya yi kyau. Ko akwai ɗan ƙyalle da ya rage in gani?”

Ta zaro wani guntu kamar tafin hannu ta miƙo mini, ta juya wurin wata mai sayen barkono. Iyakar abin da na tambaya ke nan, iyakar abin da ta amsa ke nan. Ba ta yi mini ƙarya ba, baiwar Allah. Na soke ƙyallen a rigata na fito ina jin kaina, har na manta albasar a rumfarta.

Kwana biyu na yi ina yawo a babbar kasuwar Kejetia kafin in samu. Duk rumfar da na nuna wa ƙyallen sai a fito mini da mai kama da shi: wani tsuntsayensa sun fi girma, wani farinsa ya ja ruwan madara, wani kuma da ka murza bakinsa sai ka ji sitaci ne zalla. Ban yarda ba. Ba zan bari a kalli uwata a ce ga ta can da na jabu ba. Rana ta biyu, da azahar, ƙafafuna sun kumbura, mayafina ya jiƙe sharkaf, na same shi wurin wata tsohuwa a can cikin layin 'yan atamfa. Na ɗora ƙyallen a kai, tsuntsu ya hau kan tsuntsu. Na sayi turmi biyu, ɗaya na Mma, ɗaya nawa.

A cikin mota ne na fara tunanin abin da zan gaya mata. In na ce ni na saya, ba za ta sa ba, ƙila ma ta ƙi zuwa gaba ɗaya. Kafin mu iso tasharmu na gama shirya ƙaryata. Na shiga gida na ajiye ledar a gabanta na ce, “Mma, ga saƙo. Matar Wofa ta ba ni a kasuwa, ta ce in kawo miki.”

Ta daɗe ba ta taɓa ledar ba. Sannan ta goge hannunta a zani, ta zaro atamfar, ta buɗe a cinyarta tana shafawa. Ta ce, “Sun aiko.” Ta sake cewa, “Ashe sun aiko.” Da ta ga turmi na biyu ta tambaya na wane ne, na ce nawa. Ta dube ni ta ce, “Har da ke iri ɗaya? To, 'yan zamani sun sauƙaƙa abin.” Na ji maganar, ta wuce ta bayan kunnena, don hankalina yana kan kada ta gano ƙaryata. Ran nan ta ci tuwo har da ƙari.

Daga ranar ban ƙara samun kwanciyar rai ba. Wayar da da nake addu'ar ta yi ƙara, yanzu in ta yi ƙara sai in yi addu'ar kada danginta ne. Sau biyu Mma ta ce za ta buga wa matar Wofa ta yi godiya. Na farko na ce ai na riga na gode mata a madadinta. Na biyu na ce wayar matar ta faɗa ruwa. Ni da ake yi wa kirarin mai faɗin gaskiya ko da ɗaci, ga ni ina jera ƙarya wata kan wata a gaban uwata, ina kallon idonta.

Sai na zuba duk fargabar a kan ɗinki. Telarmu wata 'yar Mosi ce da ke da shago a bayan masallacin layinmu, hannunta da kyau, bakinta ba linzami. Ta ware atamfar ta ce, “Ei, wannan na funera ne ko? Mma zai je garinshi? Zani ya yi kyau paa. Kaba da silit zan yi mashi, ya fito kamar Tonawa.”

Na ce, “Wane silit? Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ki ɗaure a cikin siket ɗin da ba ta iya ɗaga ƙafa? Zani za ta ɗaura.”

Ta ce, “To in yi mashi doguwar riga da aiki a wuya.”

Na ce, “A'a, sai a ce 'yar Zongo ta zo biki.”

Nan muka tsaya muna ja. Abin da nake so shi ne wanda ya gan ta daga nesa ya ce 'yar gidan ce, wanda ya matso kusa kuma ya ga Musulma ce da suturarta. Muka daidaita a kan kaba, wato rigar matan nan mai tsayawa a ƙugu, amma a sauko da ita har cinya, hannu dogo mai faɗi don iska ta shiga, wuya a rufe ba tare da ya shaƙe ta ba. Na hana a sa shafi a ciki, don a zafin Maris shafi azaba ne. Na karɓo atamfar na jiƙa ta a ruwan gishiri ta wuni, na wanke sitacin ta yi laushi, na mayar. Mayafi kuma na nemo fari sol, marar nauyi, ba ko ɗigon ado. Sau huɗu na koma shagon. A na huɗun telar ta ce, “Ke, ko amarya bai dame ni haka ba koraa. In ka sake zuwa zan ba ka almakashi ka yanka da kanka.”

Ranar da Mma ta gwada, ta tsaya gaban madubin ɗakinta ta juya hagu ta juya dama. Rigar ta zauna mata ɗas. Ta ce rabonta da kaba tun kafin a haife ni. Ta ce, “Yayata za ta ce na yi ƙiba.” Ta yi dariya, ni ma na yi. Na yi ta lallashin kaina cewa ranar taro mutane da yawa ne, kowa da abin da ya dame shi, ba wanda zai tsaya bincike wa ya aika wa wa.

Asabar ɗin muka fita bayan asuba. Na cika jaka da ruwan sanyi, da maganinta na hawan jini, da mafici, da tawul ƙarami. Trotro ya cika maƙil, muka bi ta Suame muna shaƙar hayaƙin gareji, rana ta fito da ƙarfinta tun kafin mu bar gari. Mma ta zauna a miƙe, ta ƙi jingina don kada bayan rigar ya yamutse. Ni kuwa duk wanda ya shigo motar da fari da baƙi sai na leƙa zanensa.

Da hantsi muka sauka a bakin ƙauyen. Daga nan ana jin ganguna da lasifika, ana hango rumfunan tamfol da aka kafa a filin gaban gidan Nana. Na hango tsuntsayenmu a jikin wasu mata, na ce alhamdu lillahi a raina. Ban gama faɗa ba na ga wasu 'yan mata sun wuce da wani fari mai ɗigo-ɗigo, su wajen goma, duk iri ɗaya. Sai ga Wofa can tsaye a ƙofar gida, ya yafa wani daban, fari mai zanen kujerun gargajiya. Kusa da shi Maame Panin, ita ma mai kujerun ne a jikinta.

Mma ta tsaya cak a gindin wani mangwaro. Ta dubi rumfar masu tsuntsaye ta daɗe. Ta ce, “Waccan matar Wofanki ce. Waccan matar ɗan yayata ce. Wancan mijin 'yar ƙanwar Nana ne.” Muryarta ta yi ƙasa. “Mai kujera na 'ya'ya ne. Mai ɗigo na jikoki. Wannan da ke jikina na surukai ne.”

Ban taɓa jin sanyi irin na lokacin ba, ga rana tana dukan kaina. Zane uku suka fitar, kowane da mutanensa da rumfarsa. Ni da ƙyallena da idona mai gane atamfa daga nesa, na ɗauki 'yar da Nana ta haifa na sa mata kayan waɗanda aure ya kawo gidan.

Mma ta ce, “Ni suka aika wa zanen surukai. Sai da suka zauna suka yi shawara, sannan suka zaɓa mini wannan.” Ta juya ta fuskanci hanyar da muka fito ta ce, “Mu je gida.”

Nan na gane ƙaryata ta fi kuskurena muni. In na yi shiru, za ta koma Zongo da yaƙinin cewa 'yan'uwanta sun zage ta da gangan, ba za ta ga gawar uwarta ba, ba kuma za ta sake taka garin ba har ta mutu. Na riƙe hannunta na ce, “Mma, ba su suka aiko ba. Ni na saya a Kejetia. Ƙyalle na karɓa wurin matar Wofa, ban san kala uku ba ne. Ki yafe ni.”

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Na so ta zage ni, ko ta mare ni a gaban mutane, da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, “Ba su aiko da komai ba ke nan.”

Na ce, “E.”

Ta ce, “To.” Ta zare hannunta daga nawa, ta gyara mayafinta, ta nufi filin. Na bi ta a baya da jakar ruwa.

Wata mata mai karɓar baƙi, wadda ba ta san mu ba, ta dubi zanenmu ta yi mana jagora da fara'arta zuwa rumfar surukai. Mma ta zauna inda aka nuna mata. Matar Wofa ta waiwayo ta gan mu, ta ga rigar Mma, ta dube ni, ta kama baki. Na sunkuyar da kai ina ƙirga tsuntsayen da ke cinyata. Na miƙa wa Mma mafici ta ƙi karɓa. Gumi yana bin wuyanta, idonta na kan ƙofar gidan da aka haife ta, ni kuma idona na kan jijiyar da ke harbawa a gefen goshinta.

Ban ga tahowar Maame Panin ba, inuwarta kawai na gani a kanmu. Doguwa ce, ta fi Mma jiki, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya. Ba gaisuwa, ta ce da Tonanci, da ƙarfin da duk rumfar ta ji, “Matar wa ce ke a gidan nan? Wa ya auro ki?”

Mma ta ce, “Wadda ba a aika wa zane ba, abin da ta samu take ɗaurawa.”

“Aika? In aika miki? Ke baƙuwa ce? Zanenki na kan gadon uwarmu tun watan Janairu. Kullum sai na ɗaga shi na kaɗe ƙura na mayar. Na ce bari in ga ranar da za ki tako da ƙafarki ki ɗauka.”

“Ranar zaman mako kun shiga ɗaki, ba wanda ya kira ni.”

“Ni wa ya kira ni? Ɗakin uwarki ne sai an yi miki iso?”

Na buɗe baki na ce, “Maame, laifina ne, ni ce na…” Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba, na haɗiye sauran. Ta kama Mma a tsintsiyar hannu ta ɗaga ta daga kujerar, ta ja ta suka ratsa tsakiyar fili, tsofaffi biyu, ɗaya na jan ɗaya, suna tafe suna faɗa. Na bi su har bakin ƙofa, aka rufe ta a fuskata.

Na tsaya a rana ina jin muryoyinsu sama-sama. Can na ji ƙarar yaga zane, sau biyu. Sai shiru ya biyo baya, mai tsawo, har na fara tunanin ko jininta ne ya hau ta faɗi. Ina shirin tura ƙofar ta buɗe. Mma ta fito cikin mai kujeru, ba ɗinki ba komai, yadda matan zamanin da suke yi: falle ɗaya a ƙugu, ɗaya ya zagaye ƙirji ya hau kafaɗa, na ukun an lulluɓe mata kai da wuya da shi ruf, ko gashi ɗaya bai fito ba. Maame Panin tana bayanta tana ƙara ja mata shi kan goshi. Kabar da na yi zuwa huɗu wurin tela dominta tana ƙarƙashi, bakin hannunta kawai ake gani. Atamfa biyu a jiki, ga sitacin sabuwar ko wankewa ba a yi ba, a wannan zafin.

Maame Panin ta dube ni a karon farko ta ce, “Ke kuma, naki na jikoki yana ciki. Amma tun da kin iya saye, zauna da wanda kika saya.” Na koma rumfar surukai na zauna kusa da matar Wofa, wadda ta matsa mini tana danne dariya.

Daga can na kalli sauran. Na ga Mma ta shiga tare da 'yan'uwanta sun yi bankwana da Nana. Na bi ayari zuwa maƙabarta daga baya-baya. Da aka dawo, bayan azahar, 'ya'yan mamaciya suka jeru a kujerun gaba, Maame Panin, sai Mma, sai Wofa, don jama'a su zo su yi musu gaisuwa. Al'adar ita ce rukuni-rukuni ake tashi, a bi layi daga dama zuwa hagu, ana ba kowa hannu. Da aka zo kan surukai, matar Wofa ta zungure ni ta ce in tashi, ai yau ni tasu ce.

Na shiga layi. Ina matsawa ina tunanin abin da zan ce in na iso gaban Mma, sai na tarar ban da shi. Wata uku ke nan da rasuwar. Na yi yawon Kejetia, na yi faɗa da tela, na jiƙa atamfa a ruwan gishiri, amma ban tuna ranar da na zauna kusa da Mma na yi mata ta'aziyya ba. Ni kakata ce ta rasu, tsohuwa mai aiko da agada, kuma a haka na ɗauki abin.

Na ba Wofa hannu. Na matsa gaban Mma. Fuskarta ta jiƙe, gumi da hawaye sun haɗu, sabon zanen ya manne mata a kumatu. Na durƙusa na miƙa hannu biyu na ce, “Due, Mma,” yadda na ji na gabana suna faɗa, wato sannu da rashi. Na ƙara da tamu, “Allah ya ba ki haƙuri.”

Ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Layi ya tsaya a bayana, wani ya fara gyaran murya, Maame Panin ta galla masa harara ya yi shiru. Mma ta sunkuyo, ta yi mini magana da Tonanci, harshen da a gida ba ta yi mini sai in faɗa ya kai faɗa. Muryarta ta koma ƙarama, ban taɓa jin ta haka ba. Ta ce, “Uwata ta mutu.”

Na ce, “Na sani, Mma,” ko da yake sai a lokacin na sani.